BAƘO MUSULMI A TSIBIRIN MIYAJIMA NA ƘASAR JAFAN

A wannan mako ina so in ɗauki masu karatun wannan fili mu tafi can gabas mai nisa, watau ƙasar Jafan, wadda agogonta ke gaban namu da awa 8. Dalili kuwa shi ne yanzu ba abin mamaki ba ne ka ji ɗan kasuwa ya tafi can sarin motoci ko kayan gyaransu, ko kuma ka ji an tura ma'aikacin Gwamnati kwas na wata biyu ko uku. Duk wanda ya je kuwa, ba daɗe ba jima mai masaukinsa zai ce masa, "Gobe ba aiki, zo in kai ka ka ga ƙasarmu." In Bajafane ya faɗi haka, to, abu biyu yake nufin nuna maka: wurin bautar kakanninsa, da abincin tekunsa. Kowanne daga cikinsu yana da hukunci a wurin Musulmi, ga shi kuwa mutum ba ya samun malamin da zai tambaya a bakin teku.

Haka ta faru da ni a birnin Hiroshima, birnin nan da Amurka ta jefa wa bam ɗin ƙare dangi ran 6 ga watan Agusta 1945, wanda yanzu ya koma babbar cibiyar sana'a, a gefensa ma hedkwatar kamfanin motocin Mazda take. Mai masaukina wani dattijo ne abokin ciniki, mutum mai kunya da yawan girmama baƙo. Cikin watan Fabrairu ne, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Muka shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar rabin awa, muka sauka a tashar Miyajimaguchi, daga nan muka hau jirgin fito wanda ke tsallakawa da mutane zuwa tsibirin cikin minti 10. Tun daga watan Oktoba na 2023 kowane baƙo yana biyan harajin yen 100 a kan kuɗin jirgin, domin hidimar tsabtace tsibirin da kula da baƙi.

Sunan tsibirin na asali Itsukushima, amma kowa Miyajima yake ce masa, ma'ana tsibirin ɗakin bauta. Tun jirgi bai kai gaɓa ba za ka hango abin da ya kawo kowa: wata ƙatuwar ƙofa ja, tsaye ita kaɗai a cikin ruwa, ba ganuwa a damanta ba ganuwa a hagunta. Irin wannan ƙofa suna kiranta torii, kuma duk inda ka gan ta a Jafan alama ce ta cewa daga nan an shiga harabar abin bauta. Wannan ta Miyajima tsayinta ya haura mita 16, nauyinta kimanin tan 60. Manyan ginshiƙanta biyu gangar jikin itacen kafur ne, kowanne da ƙananan ƙafafu biyu masu tokare shi, ƙafa shida ke nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a binne ƙafafun a ƙasa ba. An dai daddale ƙasan wurin, sa'an nan aka ɗora ta, aka cika cikin rufinta da duwatsu, nauyinta ne kurum ke riƙe da ita. A 1875 aka kafa wadda ke nan yanzu, an kuma lulluɓe ta ana gyara daga 2019 har ƙarshen 2022. Ni da na taɓa ganin katangar bulo ta faɗi a damina ta biyu, sai na yi shiru ina kallo.

Mutumin da ya tashi nesa da teku yana bukatar a yi masa bayanin wani abu a nan. Ruwan teku yana cika yana janyewa kusan sau biyu kowace rana, bisa ga jan da wata da rana ke yi masa, cikin ikon Allah. A Miyajima in ruwa ya haura santimita 250 a ma'auninsu, sai ɗakin bautar duka ya zama kamar yana yawo a kan ruwa. In kuwa ya sauka ƙasa da santimita 100, sai mutane su taka da ƙafa har gindin ƙofar, tafiyar kamar mita 200 daga ɗakin. Muna isa da hantsi ruwa ya cika. Kafin La'asar yara na guje-guje a inda ɗazu kifi ke iyo.

MENE NE SHINTO?

Shinto shi ne addinin gargajiyar Jafanawa. Ba shi da annabi, ba shi da littafin da suke cewa saukakke ne, ba kuma wanda za a nuna a ce shi ya kafa shi. Abubuwan da suke bauta wa suna kiransu kami, suna kuma cewa ba su ƙidayuwa: na dutse, na kogi, na itace, na shinkafa, na rana, har da kakanni da jarumawan da suka shuɗe. Wanda ya san labarin Tsumburbura da dutsen Dala kafin Musulunci ya kafu a Kano ba zai sha wahalar gane fasalin abin ba. Ɗakunan bautar Shinto a ƙasar sun kai kimanin 80,000. Na Miyajima an keɓe shi ga wasu kami mata uku waɗanda suke ɗauka su ne masu tsaron teku da matuƙa jirage.

Bisa ga abin da suka gada, a shekara ta 593 aka fara kafa wurin. Amma fasalin da ake gani yanzu aikin wani ƙasaitaccen sarkin yaƙi ne mai suna Taira no Kiyomori, wanda ya gina shi wajen 1168, lokacin da yake neman arzikin cinikin teku tsakanin Jafan da Sin. Ka ga ashe tun can da fatauci a cikin lamarin. Babban zauren da ke tsaye yau an sake gina shi a 1571. A 1996 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya, shugabannin ƙasashen G7 kuma sun ziyarce shi a watan Mayu na 2023.

To, me ya sa aka yi gini a kan ruwa alhali ga tudu? Domin a wurinsu tsibirin kansa abin bauta ne, saboda haka ba sa son a sare shi ko a haƙe shi. Sai suka kafa ɗakunan a kan turaku a inda ruwa ke zuwa yana komawa, suka haɗa su da dogayen barandu na katako masu tsawon fiye da mita 250. Masassaƙan sun bar 'yar tazara tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa, domin in ruwa ya taso da ƙarfi ya sami hanyar bi ya fito sama, kada ya ɗaga ginin. Duk da haka guguwar teku ta yi masa ɓarna a 1991 da 2004, aka gyara. Tsananin kiyaye tsarkin wurin a ganinsu ya kai ga a al'ada ba a binne gawa a tsibirin, sai a tsallaka da ita babban tudu, mace mai ciki ma a da in ta kusa haihuwa tsallakawa take yi. Da aka gwabza yaƙi a wurin a 1555, wanda ya yi nasara, Mori Motonari, sai da ya sa aka kwashe gawawwaki, aka kankare ƙasar da jini ya taɓa, aka wanke gine-ginen. Barewa kuwa ga su nan ko'ina cikin gari ba mai taɓa su, har ɗaya ta nemi cinye takardar jirgin da ke hannuna.

A BAKIN ƘOFA

Kafin mu shiga, sai mai masaukina ya tsaya a wani kwami na dutse mai ruwa. Ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya zuba ruwa a tafinsa ya kurkure baki, sa'an nan ya juyo da murmushi ya ce, "Malam-san, na ji ku ma haka kuke yi kafin ibada." (Wannan san ɗin kalmar girmamawa ce da suke liƙa wa sunan kowa.) Lalle abin ya yi kama da alwala, har ya kan ruɗi wanda bai yi tunani ba. Amma wankin nan tsarki ne na shirin tsayawa gaban kami, aiki kuwa yana bin niyyar da aka kafa shi a kai. Na ce masa na gode, ni tawa alwalar tana nan ban karya ba. Ya yi dariya, muka wuce.

A nan ne nake so mai karatu ya natsu. Yawancin Jafanawa ba sa ɗaukar abin da ake yi a wurin nan a matsayin shiga addini. Mutum ɗaya zai je ɗakin Shinto ran sabuwar shekara, a ɗaura masa aure irin na coci, in ya mutu kuma limaman Buddha su yi masa jana'iza, bai ga wani saɓani a ciki ba. Shi ya sa in Gwamnatinsu ta tara alƙaluman mabiya da ƙungiyoyin addinai ke ba ta, jimillar kan zarce yawan mutanen ƙasar duka. Saboda haka in mai masaukinka ya ce ka jefa kwabo ka tafa hannu, ba yana neman fitar da kai daga addininka ba ne, a ganinsa ladabi yake koya maka, kamar yadda zai nuna maka inda ake tuɓe takalmi. Haɗarin yana nan ne daidai: abin yana zuwa cikin tufafin ladabi, daga hannun mutumin da kake jin nauyinsa, wanda watakila gobe za ku sa hannu a takardar ciniki.

Ga yadda ibadar take. Mutum ya tsaya gaban zauren, ya jefa kuɗi cikin wani akwati, ya sunkuya sau biyu kamar mai ruku'u, ya tafa hannu sau biyu, ya roƙi abin da yake so, ya sake sunkuyawa sau ɗaya. Wannan kam ba ya bukatar dogon bincike. Ruku'u da roƙo da baiko ga wanin Allah shirka ne, ko da mai yin ya ce wasa yake, ko don kunya ya yi. Haka kuma 'yan takardun duba da suke kira omikuji, waɗanda ake zara a ga sa'a ko rashinta, 'yan'uwan kiban ƙuri'ar nan ne na Jahiliyya da Suratul Ma'ida ta hana. Ga layu da ake sayarwa, na cin jarrabawa, na kariya daga haɗarin mota, na albarkar kasuwa, an ɗinke su cikin ƙyalle mai kyau, har wani baƙo kan saya wa 'ya'yansa tsaraba bai san abin da ya saya ba. Ga kuma alluna na katako da ake rubuta bukata a rataye. Duk waɗannan Musulmi kallo ne nasa.

Shi shigar fa? Malamai sun yi saɓani game da shiga wuraren bautar waɗanda ba Musulmi ba. Akwai waɗanda suka hana, akwai waɗanda suka karhanta musamman in da gumaka ko siffofi, kamar yadda aka ruwaito Sayyidina Umar ya ƙi shiga coci a Sham saboda siffofin da ke ciki, akwai kuma waɗanda suka halatta in babu shiga cikin ibadarsu. Wanda ya zaɓi ya tsaya daga bakin gaɓa ya yi kallo bai yi asara ba, domin mafi kyawun abin ma daga waje ake ganinsa. Ni dai na bi barandun, na biya kuɗin shiga irin wanda ake karɓa daga kowane ɗan kallo, na duba aikin masassaƙa, ban tsaya a sahun masu roƙo ba. Da muka zo gaban zauren sai na ja gefe, na ce wa dattijon, "Ranka ya daɗe, yi abin da ya kawo ka, ina jiranka a nan. Mu addininmu bai yarda mu sunkuya wa kowa ba sai Wanda ya halicci wannan teku." Ban ƙara ko kalma ɗaya ta aibata abin bautarsa ba, domin Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya je ya yi tafinsa ya dawo. Fushin da nake tsoro bai zo ba. Tsarin mulkinsu na 1947 ma ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma ce ba a tilasta wa kowa shiga wata ibada, bayan da aka rushe Shinto na hukuma a ƙarshen 1945. Abin da Bajafane ba ya so shi ne a ba shi kunya a gaban jama'a. In ka faɗa masa uzurinka a hankali, gara ma tun kuna cikin jirgi, shi da kansa zai riƙa kare ka.

Lokacin salla ya kawo wata matsala da ban zata ba. Mu mun saba alƙibla gabas take, amma daga Hiroshima tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Da na duba wayata a bakin gaɓar da mutane ke tsayawa ɗaukar hoto, sai na ga in na kabbara a nan, jar ƙofar ce za ta kasance a gabana sosai. Sallar za ta inganta, domin Allah ya san wanda nake nufi, amma ɗaruruwan mutanen da ke wurin abin da za su gani shi ne wani baƙo mai doguwar riga yana yi wa ƙofarsu sujada. Na yi tafiyar minti goma zuwa wani lungu da ba kowa, inda ba komai a gabana sai ruwa da tsaunukan tsallake, na shimfiɗa mayafina na yi raka'a biyu na matafiyi.

ABINCIN BAKIN TEKU

Yanzu sai mu zo ga ci, inda a ganina 'yan'uwanmu suka fi yin kuskure, kuskuren kuma ta fuska biyu. A ɗakin bauta iyaka a fili take, ido na ganinta. A kan tebur kuwa a ɓoye take, har ya zama mutum ya ƙyamaci abin da Allah ya halatta masa, ya kuma cinye abin da ya kamata ya bincika.

Babban abincin Miyajima shi ne kawa, watau ƙumbar teku, halitta mai ɓawo biyu dangin ƙumbar da ake samu a kogunanmu. Da yarensu sunanta kaki, sunan da ba zai yi wa Bahaushe daɗin ji ba, balle in ya ga kamanninta ɗanya. Lardin Hiroshima shi ke fitar da kimanin kashi 60 cikin 100 na kawar da ake kiwo a Jafan, sun kuma fi shekara 400 suna wannan sana'a. Daga cikin jirgin fito za ka ga wasu gadaje na gora shimfiɗe a kan ruwa. A ƙarƙashin kowanne an rataya dogayen wayoyi da aka jera wa ɓawo, 'ya'yan kawa su manne a jiki su yi ta girma, suna tace abincinsu daga ruwan da koguna ke gangarowa da shi daga tsaunuka. Tsibirai sun kare wurin daga manyan igiyoyin ruwa, shi ya sa gadajen ke zama lafiya. Cikin sanyi take ƙiba, Janairu da Fabrairu su ne kakarta.

A titin kasuwar tsibirin ana gasa ta a kan wuta cikin ɓawonta, hayaƙi na tashi kamar layin masu tsire. In ta buɗe baki sai a miƙo maka da yankin lemon tsami, wanda shi ma lardin ne ya fi kowane noma shi a ƙasar. Na tsaya ina jinjinawa, ba don shakkar hukunci ba, don dai ido bai saba ba. Hukuncin kam a mazhabarmu ta Imamu Malik a sarari yake: duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya bukatar yanka, ko da an same shi matacce. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinta, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa, Muhtasar na Shaihu Halil kuma a kan haka ya tafi. Mu tuna da rundunar Abu Ubaida, su wajen 300, da yunwa ta kama su a bakin teku suka sami wani ƙaton kifi matacce suka yi kwanaki suna ci, da suka komo Madina kuma Manzon Allah ya tabbatar musu da halaccinsa. Shafi'awa da Hambalawa su ma sun yalwata. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai, saboda haka in ka haɗu da ɗan Pakistan ko Baturke a masallacin Kobe, wanda aka gina tun 1935, ya ce maka shi ba ya cin kawa, kada ku yi musu, mazhabarsa yake bi. Ɗan Indonesiya kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa cikin Musulmin ƙasar, tare za ku ci.

Na yi bisimilla na ci. Ɗanɗanonta gishiri-gishiri da ɗan zaƙi, laushinta kamar ɓargo. Na ci huɗu. Shawara ɗaya dai: wanda cikinsa bai saba ba ya nemi gasasshiya, domin ɗanyar takan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa amai da gudawa, a kantunansu ma ana rubutawa a jikin leda wadda za a iya ci ɗanya da wadda tilas sai an dafa.

Wannan halacci na abincin teku ba ƙaramar rahama ba ce ga baƙo a Jafan, domin naman dabbobin tudu a can ba ka da tabbacin yankan Musulmi ne ko na Ma'abota Littafi, sai wanda aka sami shaidar halal a kansa. Sa'ar da aka yi ita ce girkinsu na gargajiya a kan kifi da shinkafa da wake ya ginu. Tun a shekara ta 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi a watannin noma, ƙyamar nama kuma ta daɗe a cikinsu har zuwa 1872 da Sarki Meiji ya ci naman sa a fili don ya buɗe wa jama'a hanya.

Amma fa kada murna ta yi yawa. Daga wurin masu gashi dattijon ya kai ni wani ɗakin cin abinci domin in ɗanɗana abin da suke alfahari da shi, anago-meshi. Anago wani kifin teku ne dogo kamar maciji, mai sulɓi kamar tarwaɗa. Ana fede shi a gasa, a yanyanka a jera a kan shinkafa. Tun 1901 ake sayar wa matafiya shi a cikin akwati a tashar Miyajimaguchi. Kifin halal ne ba shakka. Tambayar tana kan baƙin romon nan mai ƙyalli da ake shafa masa ana gasawa. Abin da ke cikinsa a bisa al'ada shi ne shoyu, da sukari, da sake, da mirin. Shoyu ruwan waken soya ne da alkama da gishiri da aka bari ya ruɓa, kusan yadda ake yi wa daddawa. Sake giyar shinkafa ce. Mirin kuwa, wanda shi ne ya fi yaudarar baƙo domin a wurinsu kayan miya ne kamar gishiri, shi ma giyar shinkafa ce mai zaƙi, barasar da ke cikin na ainihi ta kai kashi 14 cikin 100. In ka tambayi mai abinci ko akwai giya a ciki, zai ce maka babu da zuciya ɗaya, domin shi bai lissafa mirin cikin giya ba. Tilas ka ambaci sunansa.

Wani zai ce ai wuta ta ƙone barasar. Ba dukanta ke tashi ba, musamman a girki na ɗan lokaci. Ban da haka, a wurin mafi yawan malamai giya najasa ce, abin da aka zuba ta a ciki da gangan kuma ya gurɓata, ba a kuma kwatanta wannan da giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal, wadda ta bar sunanta da siffarta. Shi shoyu al'amarinsa ya fi sauƙi, domin 'yar barasar da ke cikinsa daga ruɓawar take fitowa, ba kuma abin sha ba ne da ke bugarwa, shi ya sa da yawa daga malaman wannan zamani suka sauƙaƙa a kansa, ko da yake akwai irin da ake ƙara wa barasa don kada ya lalace, akwai kuma wanda aka yi musamman da tambarin halal.

Mafita ba ta da wuya. Kalmar nashi a yarensu tana nufin babu. Ka ce sake nashi, mirin nashi, buta nashi, buta kuwa shi ne alade. Gashin kifi da gishiri kaɗai sunansa shioyaki, gashin anago ba tare da romo ba kuma shirayaki. Shi na nema, tare da farar shinkafa, domin ita ma shinkafar anago-meshi da romon ƙashin kifin da kayan haɗi ake dafa ta. Mai abincin ta ɗan yi mamaki, ta shiga ciki ta yi shawara, jim kaɗan sai ga shi an kawo, fari tas, da ɗan gishiri a gefe. Dattijon ya ɗanɗana nawa ya ce masana kifi ma haka suka fi son sa, domin romo yakan rufe ɗanɗanon.

Sauran abubuwan lura kaɗan ne. Soyayyar kawa, a tambaya ko a mai ɗaya ake soya ta da naman alade, domin sau da yawa haka ne. Kawar da aka turara, sau da yawa da sake ake turara ta. Wainar nan ta Hiroshima mai suna okonomiyaki, mai kabeji da taliya da ƙwai, wadda duk baƙo ake kai shi ci, yankakken naman alade na cikin asalin haɗinta, a kan faranti ɗaya na ƙarfe kuma ake toya ta kowa da kowa. Miyar taliyar ramen galibi da ƙashin alade ake dafa ta ko da ba ka ga nama a kwanon ba. In kuma aka miƙo maka ɗan ƙoƙo a wani biki a ɗakin bauta, to, sake ne da aka riga aka miƙa wa kami, haramci biyu ke nan a ƙoƙo ɗaya.

Da yamma muka tsaya wurin masu toya momiji manju, wani ɗan cincin mai laushi da aka fara yi a tsibirin wajen 1906, an yi shi da siffar wani ganye mai yatsu kamar na rogo, cikinsa cike da dafaffen jan wake mai sukari. Ban ce komai ba, sai na ga dattijon ya ɗauki kwalin ya juya bayansa, ya sa tabarau yana karanta kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye wannan ya ɗauki wancan, har ya sami wanda ya gamsu da shi ya miƙo mini. Ya ce a shekarun da ya yi yana hulɗa da Musulmi ba wanda ya taɓa gaya masa maganar mirin, da ya sani da bai ciyar da su abin da ya ciyar da su ba.

Tsarabar da na saya ita ce shamoji, wani faffaɗan cokali na katako na kwasar shinkafa, wanda aka san tsibirin da sassaƙa shi tun wajen 1800. Akwai masu rubutun fatan sa'a a jiki, na bar su na zaɓi wanda ba a rubuta masa komai ba. Lokacin da muka hau jirgin komawa ruwa ya fara dawowa, ya rufe sawun mutanen da suka taka zuwa gindin ƙofar, an kuma kunna fitilun dutse da ke jere a bakin gaɓa. Cokalin yana nan a gida, uwargida ta ce ya fi mara daɗin kwasar tuwon shinkafa.